Sun ƙi irin GMO a gona, sun buɗe wa wiwi ƙofa: ina ma'aunin?

Ɗan Dawanau

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, wake da masara nake saye ina sayarwa, siyasar Turai kuwa a rediyo nake jin ta. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. A Jamus, jam'iyyar Greens ta masu kare muhalli ta kasance cikin gwamnatin da ta halatta tabar wiwi daga 1 ga Afrilun 2024: baligi ya yi yawo da giram 25 a aljihu, ya shuka gindi uku a gida, ba mai ce masa uffan. To ita wannan jam'iyyar ce ta shafe shekaru tana yaƙi da irin shukar da aka sauya wa ƙwayar halitta, wato GMO, wai ba a san illarsa ba. Illar wiwi kuwa ai ba sai an kai ta ɗakin gwaji ba, mutum ya leƙa bayan tasha da magariba ya gani. An ce mini haka yawancin masu ra'ayin gurguzu da na kawo sauyi suke a Turai da Amurka. Ina ma'auninsu? Ina tambaya ne don yanzu mai saye kan damƙi wake a bakin buhu ya ce, "Alhaji, ba dai na GMO ba ne?" ni kuma in rasa ta cewa.

Tsohon ɗan PRP

Wa alaikumus salam. Ɗana, kai lafiyar jiki kake aunawa, su kuwa tambayarsu guda ce, irin wadda Malam Aminu Kano ya koya mana: wa ke da ƙarfi, wa ake dannewa?

A gona, mai ƙarfi shi ne kamfani. Tun kaka da kakanni manomi kan ware iri daga amfanin bana ya ajiye na baɗi. Kamfanin Monsanto ya zo ya yi wa irinsa rajistar mallaka, ya ce in ka sake shukawa ba izini ka taka doka. Wani manomin kanola (shukar da ake matsar mai daga 'ya'yanta) a Kanada, Percy Schmeiser, har kotun ƙoli suka kai, a 2004 kotu ta ce ya keta haƙƙin kamfanin, ko da yake ba ta sa shi biyan diyya ba. A 2018 kamfanin Bayer ya haɗiye Monsanto, iri da maganin feshi suka ƙara taruwa a hannu kaɗan. Nan kusa da mu, Burkina Faso ta rungumi audugar Monsanto a 2008, zaren ya riƙa fitowa gajere, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, zuwa 2016 suka yi watsi da ita.

A maganar ƙwaya kuma, mai ƙarfi shi ne ɗan sanda da gidan yari. Dokar Amurka ta 1986 ta sa hukuncin giram ɗaya na dunƙulen hodar ibilis, wanda talakawa baƙar fata suka fi sha, daidai da na giram 100 na garinta, wanda masu hali suka fi sha. Wa kake jin ya cika kurkuku? Ba son wiwi nake ba, Allah ya kiyaye, sai dai hujjarsu ba ta hauka ba ce.

Malamar Gona

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka haɗa su a buhu ɗaya alhali ba haka suke ba. Lula na Brazil ɗan ƙungiyar ƙwadago ne tun tushe, kuma a mulkinsa na farko aka halatta noman waken soya na GMO. Mexico ce ta bi ɗaya hanyar, a 2025 ta sa haramcin shuka masarar GMO a tsarin mulkinta, don can ne asalin masara kuma suna kishin irinsu na gargajiya.

Alhaji, ga amsar mai sayenka. Waken da ake magana shi ne SAMPEA 20-T, cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar da shi a 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa don ya kashe tsutsar maruka mai cinye fure da kwanso. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas ya koma kamar sau biyu. Ni na ga yaro ɗan shekara goma sha da tankin feshi a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, maganin na zuba masa a wuya. Masu zanga-zangar ƙin GMO ba su cika ambaton wannan yaron ba. Kuma ba masarar aure ba ce, manomi na iya ajiye irin ya sake shukawa. Tsoron kamfani gaskiya ne, ina tare da Baba a nan, amma a ce duk wanda ya ci zai daina haihuwa, wannan kam a kawo hujja.

Mai Kemis

Ni ɓangaren ƙwaya zan taɓa, don ana cakuɗa abu biyu. Halattawa daban, daina ɗaure mai sha daban. Uruguay ce ta halatta wiwi a 2013 zamanin José Mujica, Kanada ta bi a 2018. Portugal kuwa, a 2001 lokacin António Guterres na firaminista, ba ta halatta komai ba. Dillali har yau ɗauri ne. Wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, gaban wani kwamiti ake kai shi a duba ko magani yake buƙata. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwaya a 2020 ba tare da wadatattun wuraren jinya ba, tituna suka cika da masu maye, a 2024 ta janye dokar. Sin kuma, da jam'iyyar kwaminis ke mulki, kashe manyan dillalai take yi.

Mu Musulmi ba mu da ja, duk abin da ke sa maye haramun ne. Abin da ke damuna shi ne bayan hana kodin a Najeriya a 2018, yaran ba su daina ba, sun koma tiramol da wasu haɗe-haɗe. Uwa ta zo kanti tana kuka a nuna mata inda za ta kai ɗanta, gadon asibitin ƙwaƙwalwa ba ya isa, sai gidan mari.

Ɗan Dawanau

Na gode ƙwarai. Baba, na gane lissafinka, amma har yanzu wiwin nan bai kwanta mini ba, don a Kanada ma ai kamfanoni ne ke sayar da ita, mai ƙarfin ya dawo ta taga ke nan. Malama, in wake ya shigo kasuwa a buhu, akwai yadda zan gane na Samaru da ido?

Malamar Gona

Da ido kam a'a, Alhaji, sai a ɗakin gwaji. Ka tambayi manomin da ka saya a hannunsa wane iri ya shuka, kuma a ina ya samo shi.