Kayan ɗaga Hilux masu araha: suna jure gargada kuwa?

Ɗan Burji:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin ƙasan mota. Hilux ce Vigo ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, fowil. Aikinta hanyar ƙauye, burji da gargada, kilomita 80 zuwa 100 a rana, da lodin kilo 300 zuwa 400 a baya kusan kullum. Bayanta ya zauna, cikinta ya fara gogar ƙasa. A kasuwa akwai hanya uku ta ɗaga ta: sifesa (abin da ake sawa a saman shokazoba don ƙara tsayi) a gaba da dogon shakul (ƙarfen da ke haɗa ƙarshen sifirin da shasi) a baya, ko cikakken saiti marar suna (shokazoba huɗu, koyil biyu, sifirin na baya), ko na kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu da Dobinsons, masu ninka kuɗin sau da yawa. Masu arahar nan za su yi aiki, ko asara ce?

Oga Ƙasan Mota:
Wa alaikumus salam. Malam, fara cire sifesa daga lissafinka, ga dalili.

Gaban Vigo ba aksul guda ba ne. Kowace taya tana da hannun sama da hannun ƙasa, koyil kuma yana naɗe a jikin shokazoba. Da yake shokazobar a tsakiyar hannun ƙasa take zaune, ba a bakin taya ba, sifesa mai kaurin milimita 25 tana ɗaga motar kusan 45 zuwa 50. Amma ba ta ƙara wa taya tazarar hawa da sauka ko kaɗan ba, ta dai tura komai ƙasa ne. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, sai hannun sama ya sauka fiye da inda aka tsara masa: boljoyin (mahaɗin da ke juyawa a bakin hannun) ya kai ƙarshen juyawarsa, wani lokaci hannun ya daki koyil. Shaf na gaba kuma yana aiki a karkace, robarsa na gogar kanta har ta tsage, giris ya fita, yashi ya shiga. Daga nan sai ƙarar ƙas-ƙas a kwana.

Dogon shakul ma haka. Sifirin ɗinka ya riga ya gaji, shakul ba zai dawo masa da ƙarfi ba. Ƙara miƙar da shi zai yi. Matsalarka ta lodi ce, ba ta tsayi ba.

Kowane saiti ka saya, kada ka wuce inci 2, wato milimita 50. Sama da haka sai an canza hannun sama, an sauke difaren na gaba, arahar ta tafi.

Injiniya Mai Shok:
Na yarda da Oga. Ni a kan shokazoba zan tsaya, domin nan ne saiti marar suna ke faɗuwa a hanya irin taka.

Aikin shokazoba shi ne mayar da tsallen mota zafi: fistin yana matsa mai ta ƙananan ramuka. A kwalta jefi-jefi take motsi. A gargada kuwa sau da yawa take motsi cikin daƙiƙa ɗaya, babu hutu, ga zafin bazara a kai. Idan man kaɗan ne ko marar kyau, sai ya tsinke ya yi kumfa, fistin ya riƙa ratsa iska maimakon mai. Alamarsa: mota tana tafiya daidai da farko, bayan rabin awa ta fara lilo, baya na zamewa gefe. Ta huce, ta dawo daidai, sai a ɗauka lafiya lau. Alhali kowane irin wannan zafin yana ƙona sil (robar da ke hana mai fita), ƙarshenta mai ya zube.

Abin dubawa kafin ka biya:
- Faɗin fistin. Na masu araha da yawa bai wuce na asali ba, ko da gwangwanin ya yi kauri. Bilstein 5100 milimita 46 ne, bututu ɗaya. Na Tough Dog mai soso a ciki 41. Mai kayan da bai iya faɗa maka wannan lamba ba, bai san abin da yake sayarwa ba.
- Tsawo a buɗe da a matse, ka gwada da tsohuwar. Idan ta fi tsawo sosai a matse, ita za ta daku kafin robar tsayawa, bawul ya fashe ko kunnen da ake ɗaure ta da shi ya karye. Idan ta yi gajarta a buɗe, duk nauyin aksul a kanta zai rataya.
- Waldar kunne ta zagaye duka, ba ɗigo biyu ba.
- Sandar ta zama sumul, da murfin ƙura.

Danshi kaɗan a jikin shokazoba ba laifi ba ne. Man da ke gangarowa, shi ne mutuwa. Kuma a kula da jabu: kwali mai babban suna a farashin marar suna, jabu ne.

Baba Mai Sifirin:
Injiniya, a nan kam ban bi ka duka ba. Ba kowane mai araha ne banza ba, kuma rabin abin da ake ɗora wa kayan, laifin ɗauri ne.

Na farko, bushin. Ana ɗaure su tamau mota tana kan jak, tayoyi a rataye. Da an sauke ta, robar ta murɗe ke nan har abada, wata biyu ta yage. A ɗaura sako-sako, a sauke mota, a girgiza ta, sannan a ƙarasa da sifana mai awo.

Na biyu, yubol, ƙarfen nan mai siffar U da ke ɗaure sifirin a jikin aksul. Ba a mayar da tsoho, don ya riga ya miƙe. A sa sabo, a sake matse shi bayan kilomita 500. Yubol mai sako-sako shi ke karya santabol (ƙarfen tsakiya da ke haɗe ganyen sifirin), aksul ya goce, a ce sifirin ne marar kyau.

Na uku, birki. Idan motarka tana da bawul ɗin nan mai auna lodi a baya, ɗaga ta zai sa ya ɗauka babu kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi. Dole a ɗaga maƙalarsa daidai da abin da motar ta tashi. A ɗaga shasi aksul ya rataya, a duba ko tiyon birki ya ɗame. Sannan alaimen, da saita fitila.

Sifirin kuwa, Malam Ɗan Burji, ka nemi wanda aka rubuta masa lodin dindindin na kilo 300 zuwa sama. Kada ka zarce zuwa na 500 don neman ƙarfi: ranar da babu kaya, baya zai riƙa tsalle, taya na barin ƙasa. Mai araha ko mai tsada, gwajinsa ɗaya. Auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kusurwa huɗu, ka rubuta. Sake aunawa bayan kilomita 1,000, sannan 5,000. Saukar milimita 10 a farko zama ne na al'ada. Idan ya ci gaba da sauka, ko gefe ɗaya ya fi, ƙarfen bai sha wuta yadda ya kamata ba.

Ɗan Burji:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba, idan aka kai tsohon sifirin wajen maƙeri ya lanƙwasa shi, aka ƙara ganye ɗaya fa?

Baba Mai Sifirin:
Ƙarin ganye ɗaya yana taimakawa, in dai babban ganyen bai tsage ba. A wanke shi a duba kusa da ramin santabol da kunnuwa, a sa santabol mai tsawo sabo. Lanƙwasawa da guduma kuwa tsayi kawai yake dawowa da shi na ɗan lokaci. In aka sa masa wuta, ya fi muni, don taurin ƙarfen ya tafi.

Injiniya Mai Shok:
Baba ya yi gaskiya a kan ɗauri, amma ɗauri mai kyau ba ya hana mai yin kumfa. Ga yadda zan raba kuɗin: gaba a bar shi a tsayinsa da koyil na asali, tunda babu ƙarfen kariya ko winci a kai. Sifirin na baya a sayi matsakaici mai lambar lodi. Abin da ya rage duka a zuba a shokazoba huɗu masu suna, daga dilan da zai ba da rasiti da garanti. A gargada kuma a rage iskar taya da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a rage gudu, a mayar da iskar da zarar an hau kwalta.