Naman daji ya fi na gida lafiya? Muhawara kan naman mus

Baban Amira: Salamu alaikum. Ni fa jama'a na gama yanke hukunci, naman daji ya fi naman gida lafiya nesa ba kusa ba. Yanzu haka farautar mus ake yi a nan arewacin Suwidin, tun watan Satumba aka buɗe, su na kudu sai Oktoba. Har an kawo mana naman gida. Wanda bai san mus ba, dangin barewa ce, amma ta fi doki tsayi, babban namiji yakan kai kilo 500. Ganye da tohon itatuwa take ci. Ba allura, ba dusa mai magani, ba leda a tumbi irin ta tumakin birni. Naman ja wur, kitsen bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Wanda ke da ja ya fito.

Kawu na Ningi: Wa alaikumus salam. Ɗana, sai yanzu da ka je ƙasar Turawa ka sani? Mu da muka tashi gidan maharba, gada da zomo da fakara muka ci muka girma. Mahaifinmu har ya rasu bai san hawan jini ba.

Dakta: Allah ya jiƙan Baba. Amma Kawu, mutumin da ke yini yana bin sawu a ƙafa cikin daji, ko rago ya ci kullum da wuya kitse ya zauna masa. Baban Amira, ƙarancin kitse na yarda, ba musu. Inda muka rabu shi ne tunanin cewa duk abin da ya fito daga daji tsaftatacce ne. Saniyar da aka kai mayanka ta gwamnati, a ƙa'ida akwai ma'aikacin lafiyar dabbobi da zai duba ta da rai, ya kuma duba huhu da hanta bayan an feɗe. Dabbar da maharbi ya kayar a jeji ya kai gidansa wa ya duba ta?

Baban Amira: Dakta, a ƙa'ida ka ce. Mun san mayankunmu.

Dakta: Mun sani, shi ya sa na ce a ƙa'ida. Amma bari in tambaye ka, da wane irin harsashi aka harbe ta?

Baban Amira: Harsashi dai, na bindigar farauta.

Dakta: To nan gizo ke saƙa. Yawancin harsasan farauta na gargajiya cikinsu dalma ce. In ya daki ƙashi sai ya tarwatse, ɓarɓashin ya bazu cikin tsoka, wasu ƙanana har ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Hukumar kula da abinci ta Suwidin ɗin da kake ciki ita da kanta ta ce a yanke duk inda harsashi ya bi a zubar, a ƙara aƙalla santimita 10 a kewaye. An fi jin tsoron niƙaƙƙen nama, domin guntattakin kusa da raunin su ake yawan tarawa a niƙa. Mu kuwa ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Ba ina cewa cinya ɗaya za ta yi haka ba, can ƙurar dutsen zinariya ce a tsakar gida dare da rana. Amma babu wani adadi na dalma da aka ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro, kai kuma kana da Amira a gida.

Maman Khalil: Dakta ka tsorata mu. Ni dama girkin nake jira a zo kai. Yaya, ya kuka dafa shi? Nama marar kitse ai masifa ne a tukunya.

Baban Amira: Maman Amira ta yi farfesun ƙashin ƙafa, ya yi daɗi sosai. Tsire kam ya bushe ƙamas.

Maman Khalil: Dole ya bushe. Irin wannan naman hanya biyu gare shi. Tsokar baya mai laushi, wuta mai ƙarfi, mintuna kaɗan, a sauke. Wuya da kafaɗa da ƙwauri kuwa sai ruwa da ƙaramar wuta, awa uku ko fiye, har jijiyar ta narke ta ba romon kauri. A sa citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, ɗan kimba, daddawa a ƙarshe. In tsire ake so sai an jera kitsen rago tsakanin yanka da yanka, a kuma yi ta shafa man gyaɗa. Ni da ni ce, dambun nama zan yi da rabi, kilishi da rabi. Kilishi dama tsoka zalla yake so, masu yin sa ai cire kitsen suke yi kafin su shanya.

Ɗan Kanada: Anti ta yi gaskiya. A nan tsibirin Newfoundland na Kanada a kwalba suke dafa shi, su zuba gishiri da albasa da kitsen alade, su rufe su ajiye har shekara. In an ba ka kwalba ka tambaya tukuna. Haka sosej ɗinsu da niƙaƙƙe, da yawa da kitsen alade ake haɗawa saboda bushewar nan. Abin mamaki ma tsibirin asali ba shi da mus, guda 4 aka kawo daga New Brunswick a 1904, yau sun haura 100,000, har sun zama barazana ga masu mota da dare.

Baban Amira: Su nan akwai wani girki da suke ji da shi. A ɗauko dunƙulen cinya daga firiza da ƙanƙararsa, a sa a oben mai sanyin wuta ya kwana, da safe a tsoma shi a ruwan gishiri da kayan ƙamshi na wasu awowi, sannan a yanka siri-siri a ci da sanyi. Cikin ja-ja.

Hajiya Babba: Ja-ja? Subhanallahi. Ni dai a dafa mini nama ya dahu.

Malam: Ina ta karantawa ina jiran wani ya tambayi abin da ya kamata a fara da shi. Baban Amira, wa ya harbe ta?

Baban Amira: Allah gafarta Malam, kashi biyu ne. Na farko abokin aikina ne, Musulmi ɗan asalin Bosniya, ya ce ya yi bisimilla kafin ya ja kunama. Na biyun maƙwabci ne Kirista, shi ba mu taɓa ba tukuna.

Malam: Madalla da ba ku taɓa ba. Ita dabbar ba matsala, mai cin ganye ce mai rababben kofato, hukuncinta na barewa. Na Musulmin halal ne in ya ambaci sunan Allah, harsashin ya huda ya zubar da jini. In ya same ta da sauran rai to sai ya yanka. An yi saɓani kan bindiga lokacin da ta fara bayyana, wasu suka ɗauke ta kamar jifa da dutse, amma malaman Malikiyya na baya sun halatta saboda tana hudawa. Na Kiristan ne ke da magana. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauki farautar Ahlul Kitabi kamar yankansu. Mashhurin mazhabar Malik kuwa ya bambanta: yankansu ana ci da sharuɗɗa, amma abin da ya mutu da harbinsu ba a ci, littafin fiƙihu na Muhtasar ma Musulmi ya ambata a sharaɗin maharbi. Ga hanyoyin nan biyu, ka san wadda kake bi.

Ɗan Kanada: Malam, a Alaska akwai tsari, in mota ta buge mus sai 'yan sanda su kira waɗanda suka yi rajista su zo su kwashe naman, kada ya lalace.

Malam: Wannan in ta mutu kafin a yanka mushe ce, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta ambaci wadda aka buge ta mutu. Su dai su ci abinsu.

Kawu na Ningi: Ni duk wannan lissafin bai sauya mini ra'ayi ba. Dakta, da can da kibiya mai dafi ake harbi, a yanke wurin a jefar, a ci saura, ba wanda ya mutu. Naman daji ko ƙamshinsa daban ne, musamman in an yi bandarsa.

Dakta: Kawu, ai ka ba ni hujja. Su ma sun san akwai wurin da ba a ci. Kuma ba harsashi kaɗai ba. Hantar mus da ƙodarta suna tara wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyom, yana ƙaruwa da shekarun dabbar. A Finland ba a yarda a sayar da hanta da ƙodar wadda ta wuce shekara ɗaya ba, jihar Maine ta Amurka ma ta shawarci maharba su bar su. Mu kuma da an feɗe dabba kayan ciki muke fara nema. Sannan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, iska ta kai ƙurarsa har yankin Gävle a Suwidin, shekaru aka yi ana auna naman dajin wurin kafin a ci. A gida kuma, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969 ɓera ke ɗauke da shi, kuma yaran da ke cinna wa daji wuta suna kama ɓeraye su feɗe da hannu suna cikin haɗari tun kafin a ɗora tukunya.

Kawu na Ningi: Ɓera kuma? Mu maharba muke magana, ba 'yan tonon rami ba.

Hajiya Babba: Kawu ka yi haƙuri, amma yau ina gadar take, ina barewar? In ba Yankari ba, ita ma an hana. Wanda ake sayarwa bakin titi baƙi ƙirin da hayaƙi, ba ka san ranar da ya mutu ba balle abin da ya kashe shi.

Baban Amira: Wannan kam nan ba haka ba ne. Kowace ƙungiyar maharba ana ƙayyade mata adadin manya da 'yan maruƙa. A shekarun baya ana harbe wajen 80,000 a shekara, da aka ga sun ragu aka rage kason. Ba ka mallakar bindigar farauta sai ka ci jarrabawa, har da gwajin harbi. Ni dai har yanzu ina kan bakana, in an cire hanta da ƙoda, an yanke wurin harsashi, mus ta fi saniyar da aka ɗura wa magani ana gobe za a kai ta kasuwa.

Dakta: Da ka fara cewa ka yi naman daji, yanzu ka dawo mus ta Suwidin wadda aka cire wa kaza da kaza. Wannan ai wata maganar ce. Ka tambayi ɗan Bosniyan ko da harsashin tagulla yake harbi, da yawa sun koma shi. In dalma ce, niƙaƙƙen kada a ba Amira.

Maman Khalil: Yaya, in an yi kilishin a aiko mana.

Ɗan Kanada: Anti, kwastam ba za su bari ya wuce filin jirgi ba.

Maman Khalil: To a turo hoto, mu ga ko Maman Amira ta iya labu.