Neman kalma: me za mu kira "evaluation" idan an gama taron horo?

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Wani aiki ne ya tsaya mini a wuya tun shekaranjiya, na ga gara in kawo shi gaban masu abin. Rubutu nake mayarwa Hausa kan tarukan horo da aka riƙa yi tsakanin ma'aikatan laburare na ƙasar Sin da na Amurka. Ga wanda bai san labarin ba, akwai wani shiri mai suna Think Globally, Act Globally da ya kankama a 2009. Laburaren Jami'ar Illinois ne ya riƙe ragama, tare da CALA, wato ƙungiyar ma'aikatan laburare na Amurka 'yan asalin Sin, da kuma Ƙungiyar Laburare ta ƙasar Sin. Kuɗin ɓangaren Amurka daga hukumar IMLS ya fito, mai tallafa wa laburare da gidajen tarihi, Ma'aikatar Al'adu ta Sin kuma ta tsaya wa ɗaya ɓangaren. Shugabannin laburare na Sin su tafi Illinois su samu horo, su kuma Amurkawa su bi lardunan Sin suna gabatar da laccoci.

Seminar bai ba ni wahala ba, taron ƙara wa juna sani muke cewa tun da daɗewa. Inda na cije shi ne evaluation, kuma rubutun nawa kacokan a kanta ya dogara: bayan an yi tarukan nan an watse, masu shirin sun koma suna duba ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wannan dubawar ce nake neman sunanta. Na rubuta kimantawa, na goge. Na rubuta tantancewa, na goge. Kimantawa ta yi mini kama da kintace, domin kullum "kimanin mutum ɗari" nake ji a cikinta. Ku taimaka.

Tsohon ɗan jarida:
Wa alaikumus salam. Malam, tantancewa dai ka yi daidai da ka goge ta. Tantancewa rarrabewa ce, a fitar da wanda ya cancanta daga wanda bai cancanta ba. Ana tantance 'yan takara, ana tantance masu zaɓe a rumfa, ana tantance ma'aikata don a kama na bogi. Idan ka ce an tantance taron ma'aikatan laburare, mai saurare zai ɗauka takardun mahalarta aka duba a bakin ƙofa. A zamaninmu bita muke cewa. An yi bitar shirin, shi ke nan.

Mai fassara:
Na gode, Baba. Amma ka ga inda bita za ta kai ni: taron horon kansa mutane da yawa taron bita suke ce masa. Zan ƙare da "bitar taron bita", editana ya maido mini da takarda.

Malamin Hausa:
Kai kuwa Malam, me kimantawa ta yi maka? Ka koma tushe. Kima ko ƙima daraja ce, kuɗin abu, daga Larabci muka aro ta, kuma Larabawan da kansu daga wannan saiwar suka fitar da kalmarsu ta wannan ma'ana, taƙyimi. Ita ma ta Turancin a kan daraja aka gina ta, ta biyo ta Faransanci. To idan harsuna uku sun haɗu a wuri ɗaya, me ya sa mu za mu ratse? Kimanin da kake jin tsoro 'yar uwarta ce, gaskiya ne, amma dillalin da ya kimanta saniya a kara ba kintace yake ba. Ya duba haƙori, ya taɓa tozo, ya san abin da aka sayar da irinta makon jiya. Malaman makaranta ma sun riga sun karɓi kalmar. Kada mu yi ta ƙirƙirar sabuwa alhali akwai ta gida tana zaune.

Ɗalibi a Wuhan:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara maka na huɗu. Sinawa pinggu suke cewa, haruffa biyu ne. Na farko yanke hukunci ko yin sharhi a kan abu, na biyu kuma ƙiyasta farashi. Ka ga su ma a kasuwa suka samo ta.

Tunda a garin nake, bari in ɗan saki layi. Wannan hulɗa ta laburare tsakanin Sin da Amurka ba a 2009 ta fara ba, nan Wuchang ta faro, wadda yanzu yanki ce ta Wuhan. Wata Ba'amurkiya, Mary Elizabeth Wood, ta buɗe laburaren Boone a 1910, ta tura wani matashi ɗan Sin, Shen Zurong, karatun aikin laburare a New York a 1914, sannan a 1920 aka buɗe makarantar koyon aikin laburare ta Boone, irinta ta farko a Sin. A 1953 aka haɗe ta da Jami'ar Wuhan. A 1925 kuma ƙungiyar laburare ta Amurka ta turo Arthur Bostwick, shugaban laburaren birnin St. Louis, ya zaga ƙasar, a shekarar ce aka kafa ƙungiyar laburare ta ƙasa a Sin. Abin da ya sa na kawo wannan: Malam mai fassara, ka sake duba "ƙara wa juna sani" da ka ce bai ba ka wahala ba. A wancan zamanin babu juna a ciki, ɗaya ke bayarwa ɗaya na karɓa. Zuwa 2009 kuwa Sin ta gina manyan laburare na zamani da baƙo zai shiga ya riƙe baki. Ko Amurkawan da suka zo sun koma da wani abu a ka? Duk binciken da bai yi wannan tambayar ba, rabin aiki ya yi.

Mai fassara:
Ƙanena, ka taɓo inda ban duba ba. Zan bar juna ɗin inda take, amma yanzu da ido biyu zan rubuta ta.

Ma'aikaciyar laburare:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ce mai cin wannan tuwon. Shekara goma sha ina aikin laburare, tarukan da na halarta ba zan iya ƙirga su ba. Gardamar da kuke yi a kan kalma ɗaya ce, alhali abin da ake kira evaluation a wajen aiki abu biyu ne, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan.

Na farko shi ne takardar nan da ake rabawa ranar ƙarshe. Bari in ba ku yadda take faruwa. Wani taro da na je, kwana uku aka yi ana koya mana wata manhajar tsara kundin littattafai. Ranar rufewa, ƙarfe huɗu ta wuce, ba mu yi la'asar ba, an jera abinci a leda a bayan zaure, ga wani saurayi riƙe da ambulan na kuɗin mota, aka ce sai wanda ya miƙa takarda za a ba. Tambaya goma sha biyu, kowace da gida biyar, daga "ban gamsu ba sam" zuwa "na gamsu ƙwarai". Wallahi ban karanta ta uku ba, na bi layin ƙarshe na yi ta dangwala biro har ƙasa. Wadda ke kusa da ni ma ta leƙo ta kwafa. Na koma ofis, kwamfutar da za a ɗora manhajar a kai ta fi wata shida a mace, har yau da kati muke aiki. Amma na tabbata a rahoton masu taron an rubuta cewa mahalarta sun gamsu ƙwarai, kuma ba ƙarya suka yi ba, mu muka rubuta.

To ku ɗora wannan a kan taron da Malam yake fassarawa. Baƙi sun ketare teku sun zo, manyan gari suna zaune a gaba, magana tana bi ta bakin tafinta, sai a miƙa wa ƙaramin ma'aikaci takarda a ce ya faɗi ko laccar baƙo ta yi kyau. Mu kara muke ce wa abin da zai hana shi faɗin gaskiya.

Ɗalibi a Wuhan:
Anti, su mianzi suke cewa, fuska ke nan. Zubar wa baƙo fuska a gaban jama'a babban abu ne a nan.

Ma'aikaciyar laburare:
Ka ji ko. Na biyun kuwa shi ne a bari a yi wata shida ko shekara, a bi mutum har teburinsa a ga me ya sauya. Ya buɗe sashen yara da aka yi masa bayani? Ya fara barin mutane su shiga tsakanin kantoci su zaɓi littafi da kansu? Masu zuwa karatu sun ƙaru? A kwas ɗin gudanarwa an koya mana matakai huɗu da Donald Kirkpatrick, wani Ba'amurke masanin harkar horar da ma'aikata, ya fitar tun 1959: yadda mahalarta suka ji da taron, abin da suka koya, abin da suka canza a wajen aiki, sannan amfanin da ma'aikatar ta samu. Takardar ranar ƙarshe matakin farko kaɗai take taɓawa. Ita kanta IMLS da ta ba da kuɗin an san ta da matsa wa masu karɓar tallafinta su bambanta abin da aka gudanar, wato taro nawa, mutum nawa, da sauyin da ya samu mutanen. Saboda haka ni ba zan sa wa abu biyun suna ɗaya ba. Na farko jin ra'ayin mahalarta ne, kada a ba shi girman da bai kai ba. Na biyu, ni auna tasiri zan ce.

Malamin Hausa:
Hajiya, auna ai na hatsi ne da yadi. Tasiri ana zuba shi a mudu?

Ma'aikaciyar laburare:
Allah ya gafarta Malam, ba ka taɓa raka iyali awo ba ke nan. Mace mai ciki idan ta ce za ta awo, ba sau ɗaya take zuwa ba. A hau sikeli, a duba jini, a rubuta a kati, wata mai zuwa a dawo a gwada da na baya. Abin da nake so a kalmar ke nan: akwai ma'auni, akwai na da, akwai na yanzu, kuma sai an koma. Dillalinka kallo ɗaya yake wa saniya ya faɗi kuɗi. Kuma ai muna cewa a auna magana kafin a faɗe ta, a auna hankalin mutum, ba wanda ya nemi mudu.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. A wajenmu ma'aikatan ƙungiyoyi kalmar Faransanci suke jefawa cikin Hausa yadda take, su wuce abinsu. Amma idan aka je ƙauye za a yi wa mutane bayani, abin da na fi ji shi ne "mun zo mu ga abin da aikin ya haifar". Auna tasiri zai shiga kunnen wanda ya yi makaranta ko mai sauraren rediyo. Tsohuwa a karkara, ina jin auna amfani zai fi saurin isa gare ta.

Tsohon ɗan jarida:
Amfani ya nuna an riga an yanke cewa alheri aka samu. Tasiri kuwa yana iya zama mai kyau, yana iya zama akasin haka, yana iya zama babu. Mai bincike bai kamata ya shiga da amsa a aljihu ba. Na janye bita, ina bayan Hajiya.

Malamin Hausa:
Ni ban janye ba, amma zan rage. Ku lura auna tasiri ba za ta yi ko'ina ba. Idan malami ya duba aikin ɗalibi, ko kwamiti ya duba tarin littattafan laburare ya ga ko sun dace da masu karatu, babu wani tasiri da ake aunawa a nan, daraja ake sa wa abu. Kimantawa ce uwa. Abin da Hajiya ta kawo ɗiya ce a ɗakinta. Kuma ku yi hattara da sunan mai aikin: mai kimantawa ya zauna a baki, "mai auna tasiri" kuwa sai ka ce wani ma'aikacin hukumar awo da sikeli.

Mai fassara:
Allah ya saka wa kowa. Ga yadda zan yi da rubutun, wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu kafin gobe da azahar, lokacin zan miƙa. Inda ake maganar fannin gaba ɗaya, ko mutanen da aka ɗora wa aikin, zan bi Malam: kimantawa, masu kimantawa. Inda marubutan ke nufin takardun da mahalarta suka cike a ƙarshen kowane taro, jin ra'ayin mahalarta zan sa, ko da su sun kira shi da babban suna. Inda aka bi sawun mutane bayan sun koma laburarensu, auna tasiri. Kanun zai zama: Auna tasirin tarukan ƙara wa juna sani tsakanin ma'aikatan laburare na Sin da Amurka.

Ma'aikaciyar laburare:
Malam, kafin ka sa wannan kanun, koma ka ƙirga. Idan yawancin abin da ke cikin rubutun daga takardun ranar ƙarshe aka samo shi, to kanunka ya fi rubutun ƙarfi, ka yi musu kara kai ma.

Mai fassara:
Hajiya, kin kama ni. Zan ƙirga yau da dare. Idan haka ne, kimantawar Malam ce za ta hau kanu.

Malamin Hausa:
Ina nan ina jira. Sannan wani ya buɗe mana zare a kan librarian, don "ma'aikacin laburare" ya haɗa har da mai gadi da mai shara, kuma na ga Hajiya tana haƙuri da mu ne kawai.