Shin ya dace a riƙa biyan mai jinyar iyaye?

Malamar makaranta, Birni: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina, duk wanda ya ajiye sana'arsa ya zauna jinyar uwa ko uba ya cancanci a yanka masa wani abu duk wata. Shekara 3 ke nan ƙanwata tana jinyar Innarmu tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ita ke juya ta cikin dare don kada kwanciya ta ci mata baya, ita ke yi mata wanka, kuma tuni keken ɗinkinta ya yi ƙura. Mu kuwa sai ranar Juma'a mu zo da ledar lemo, mu yi sannu, mu koma gidajenmu.

Mai shago, kasuwar Dole: Allah ya ba Inna lafiya, Malama, amma ban yarda ba. A Suratul Isra'i an hana mu ce wa iyaye ko da "uf", to yaya za a mayar da hidimarsu aikin albashi? Da suka yi renonmu, wa ya biya su?

Ungozoma mai ritaya, Garin Malam: Alhaji, ayar ta hau kan 'ya'ya duka, amma a shekarun da na yi ina aiki, tabarmar da ke gefen gadon marar lafiya kusan kullum mace ce a kanta, ko 'ya, ko kuma surukar da mijinta ya tafi neman kuɗi Libiya ko Jado ya bar mata tsohuwarsa. Ita ke kawo abinci, ita ke sayen magani, ita ke zubar da fo. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2018 kashi 76 cikin 100 na irin wannan aiki da ba a biya mata ne ke yin sa. Lada gaskiya ne, sai dai ba a auna tiyar hatsi da shi.

Ma'aikacin gwamnati, Sabon Gari: Hajiya, idan hukuma ake jira, za a daɗe. Jamus ta kafa inshorar jinya a 1995, kuma tana iya ba iyalai kuɗi ne domin ana cirewa daga albashin ma'aikata. A nan Nijar mafi yawanmu manoma ne da 'yan kasuwa waɗanda ba su da rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, mafi ƙarancin albashi kuma jika 42 ne na sefa a wata. Ko maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka mayar kyauta a 2006, asibitoci sun yi shekaru suna bin gwamnati bashinsa.

Malamin zaure, Zango: Alhaji mai shago, akwai gyara a maganarka. A mazhabarmu ta Malikiyya, ciyar da iyayen da ba su da hali wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, kuma malamai sun sanya har da ɗawainiyar mai yi musu hidima a ciki. Saboda haka ɗan'uwan da ya ba wannan baiwar Allah kuɗi nauyin da ke wuyansa ya sauke, ladanta kuma yana nan bai ragu ba.

Mai shago, kasuwar Dole: Na karɓi gyara, Allah ya gafarta Malam. Amma kalmar albashi ce har yanzu ba ta kwanta mini ba, domin ranar da aka makara da biya, tsohuwa ce za ta ji a jikinta.

Malamar makaranta, Birni: A kira shi duk sunan da aka ga dama, Alhaji. Jiya na tambaye ta abin da ta fi bukata, na ɗauka kuɗi za ta ce, sai ta ce a samu mai karɓarta dare biyu a mako ta yi barci. Na ɗauki daren Asabar. Yayanmu da ke Agadas ya ga saƙon tun da safe, bai ce komai ba tukuna.