Abin da muka tattauna kan sauyin yanayi da tallafin ƙasashen waje

'Yan uwa, ga taƙaitaccen abin da aka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda damina ta rikice. Wani manomi daga Giwa ya ce sau biyu ya shuka masara, ta farko ta ƙone bayan ruwa ya ɗauke. Shawara: a saurari hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a nemi iri mai saurin nuna.

2. Kan tallafi kuwa, an rabu. Wasu sun ce tunda Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, a 2025, mu cire rai. Wasu suka ce haƙƙinmu ne, hayaƙin masana'antun ƙasashe masu arziki ne ya jawo mana wannan, kuma a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Baku, Azerbaijan, a 2024 an yi alkawarin dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Ni ina tare da na biyun, sai dai maganar wata 'yar uwa ta tsaya mini a rai: kada kuɗin ya zo mana a bashi.

3. Mazauna bakin kogin Kaduna sun roƙi a yashe magudanun ruwa tun kafin Agusta.

4. Batun gawayi, ba a cimma matsaya ba, domin gas ɗin girki ya yi tsada.