Me yaranku suka koya daga wasan ginin nan mai mayen ƙarfe?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Ƙanwata ce ta kawo wa 'yan biyuna tsarabar ƴan falle-fallen robar nan masu launi, waɗanda aka saka wa mayen ƙarfe a gefe suna mannewa da juna. Shekarunsu huɗu. Wata biyu ke nan kullum falona kaca-kaca, babansu kuma ya ce asarar kuɗi ce kawai. Masu irinsa a gida, don Allah me kuka ga yara sun ƙaru da shi?

Malamar Nazire: Wa alaikumus salam. Ni a aji nake amfani da shi. Da ma a Japan aka fara yin sa don koyar da lissafi, kafin ya shiga kasuwar Amurka a 1997 da sunan Magna-Tiles. Na sha zana wa yara a allo cewa alwatika biyu masu kusurwar kwana, in an haɗa su, suna ba da murabba'i, wato mai kusurwa huɗu. Kallona kawai suke yi. Ran nan masu kusurwa huɗun suka ƙare, wata yarinya kuma saura bango ɗaya ɗakinta ya rufu. Ta ɗauki alwatika biyu tana jujjuyawa, can sai na ji ihu: "Anti, na haɗa wani!" Tun daga ranar ita ke koya wa sauran. Haka ma akwati. Yaro zai shimfiɗa ɗaya, ya tayar da huɗu, ya ce saura murfi. Ya san shida ke nan, ba tare da na sa shi hadda ba.

Injiniya: Malama, abin da na gani ya ɗan bambanta. Nawa shekararsa biyar, bene kawai yake so, kuma da ya kai hawa na huɗu sai ya rushe. Da farko kuka da shure-shure. Ni kuma hannuna ƙaiƙayi yake in gyara masa, uwarsa ta ce in ƙyale shi. Wajen mako guda yana fama. Shi da kansa ya bar kan kafet ya koma kan siminti, ya faɗaɗa gindin, sannan ya fara rufe kowane hawa kafin ya ɗora na gaba. Yanzu in ya rushe sai ya tsuguna yana neman inda ya fara ɓallewa. Wannan tsugunon ya fi ginin burge ni.

Hajiya Kaka: Ku yaran zamani kun iya zuzuta abu. Mu da laka muka yi ɗaki da tukwane, 'yan'uwanmu maza suna motar kara da ta langa-langa, ba wanda ya kashe sisi. Laka ma ta fi koyar da haƙuri, sai ka jira ta bushe, ta tsage, ka sake kwaɓawa. Amma gaskiya ɗaya ce: jikana ya zagaye gidan nan kaf da falle ɗaya a hannu. Ya kama firji, ya kama get, ya ƙi ƙofar katako, ya ƙi tukunyar miya. Ya ce, Hajiya, ita tukunya ba ƙarfe ba ce? Na ce jeka ka tambayi ubanka.

Injiniya: Hajiya, a gaya masa ta alminiyum ce, shi kuwa mayen ƙarfe ba ya kama shi. Ku ba shi cokula ya gwada, wani zai kama, wani ya ƙi.

Anti Nas: Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata hirar. Na taɓa sayen mai araha a kasuwa, bai yi wata ba ɗaya ya dare, na tsinci ɗan mayen ƙarfen a ƙasa, ga autana yana rarrafe. A kwalin ma an rubuta daga shekara 3 zuwa sama. Haɗarin shi ne in yaro ya haɗiye guda biyu ko fiye, suna iya janyo juna ta jikin hanji su matse shi har ya huje, kuma da farko ba lallai a ga alama ba. In hakan ta faru, don Allah kada a tsaya ba shi manja ko madara, a wuce asibiti kai tsaye a faɗa musu abin da ya haɗiya. Ku riƙa duba gefen kowane falle, wanda ya tsage a jefar.

Maman 'Yan Biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti Nas, jiya na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya, na cire biyu. Da daddare kuma da aka ɗauke wuta, Hassana ta ɗora rawaya a kan shuɗi ta haska da tocila, ta ga kore a bango, sai da ta taso ni daga kicin in gani. Matsalata yanzu faɗa. Kowa masu kusurwa huɗun yake so, alwatika an bar su a kwali. Malama, ke da kike da aji guda, yaya kike raba musu?

Malamar Nazire: Ba na rabawa, Maman 'Yan Biyu. Ɓoye rabin masu kusurwa huɗun nake yi a durowa.