Daɓen katako ya tsufa: da hannunka ko a kira kafinta?

A wata hira da masu gidaje suka yi da kafintoci a Garwa, yawanci sun yarda cewa in fenti ne kawai ya koɗe, mai gida zai iya da kansa. A fara da sanfefa mai kaushi, lamba 80, a koma 120, a ƙarasa da 180, ana bin tsawon katakon. Amma in daɓen na katakon itacen da ake kira pine ne, laushi gare shi. Injin gogewa ya ɗan tsaya wuri guda, sai ya yi rami. A nan kam ina tare da masu cewa a kira gwani, balle in gara ta shiga ciki. Wani dattijo ya ja kunne: kada a shafa vanis da hunturu tagogi a buɗe, ƙura za ta manne.